Wa Zai Riƙe Hannun Korau?

To, ku matso kusa, 'yan ajin baftisma, ku bar wa awaki gindin katangar nan. Ga wata na kawo muku, ba ta Gizo ba ce, kuma ba ta dariya ba ce. Tun ɗazu ina jin ku kuna cacar baki a kan hujjar da za ku kai wa abokanku na makaranta ku ƙure su, har wani a cikinku yana cewa da Allah zai nuna alama guda a tsakiyar kasuwa da kowa ya bi. Na ji ku. Ku saurari wannan tukuna. In na gama, ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗi ne kawai.

A wata unguwar Maguzawa da ake kira Gidan Mantau an yi wani mutum, Korau. Shi ne mai haƙa rijiya, shi ne kuma mai yanka wa iskar da suke ce wa Uwar Rijiya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai ɗacin baki. Rijiya guda ce a unguwar, kusa da wata tsohuwar tsamiya, kuma ba wanda yake zura guga a cikinta sai da yardarsa.

Yayan Korau ya mutu ya bar 'ya'ya uku, duk sun girma. Babbarsu Briskila ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, mace mai baki ɗaya, in ta ce a'a ta gama. Mai bi mata Kefas, dogo siriri mai yawan dariya, amma yana da wani tsoro da kowa ya sani: ba ya iya shiga matsattsen wuri. Ko rumbu ba ya shiga, matarsa Tabita ce take ɗebo hatsi, mutane suna tsokanarsa. Autansu Filibus, ƙaƙƙarfa ne marar magana. Su ukun suka ji bishara a bakin wani mai wa'azi da ya ratsa ta unguwar, suka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, suka daina kai kaza gindin tsamiya.

Korau bai daki kowa ba. Cewa ya yi kawai gugan da bai san Uwar Rijiya ba ba zai shiga rijiyarsa ba. Daga ranar gidan nan ya koma shan ruwan kududdufi, inda shanu suke shiga. Da bazara ta yi tsanani ruwan ya koma kore, sai 'yar Filibus ƙarama, Ladi, ta kamu da ciwon ciki. Suka yi addu'a har muryoyinsu suka dushe. Yarinyar ta mutu. Filibus bai daina zuwa sujada ba, amma tun daga nan in ana addu'a sai ya sunkuyar da kai, bakinsa a rufe.

Yanzu bari in gaya muku al'adar mutanen wannan unguwa, don a kanta komai ya rataya. In rijiya ta rufta da mutum, ba sa gaggawar haƙa. Sukan ce Uwar Rijiya ce ta ɗauki rabonta, wanda ya yi jayayya da ita kuwa shi za ta bi. Sai a kamo zakara a sa a kwando a zura shi. In ya yi cara a ciki, mutumin yana da rai, an yarda a nemo shi. In ya yi shiru, kowane gida ya kawo kwandon ƙasa a cike ramin kafin rana ta faɗi, kada Uwar Rijiya ta fito neman na biyu. Na ga wasunku suna murmushi. Kada ku yi musu dariya, mutane ne da rijiya ta sha cinye wa 'yan'uwa, tsoro ne ya koya musu haka.

Bazara ta sake zagayowa, rijiya ta koma laka. Da hantsi Korau ya ɗaura igiya ya sauka zai yashe ta. Ƙasar wurin marmara ce a sama, rairayi a ƙasa, shi kuma ya ga idon ruwa ya karkata gefe, sai ya bi shi yana rarake ƙarƙashin marmarar. Samarin da ke riƙe masa igiya suka ji wani irin gunji daga ƙasa, ƙura ta taso ta bakin rijiya. Suka kira shi, shiru. Suka ja igiya, ta ƙi zuwa. Suka sake ta suka ruga cikin gida suna kururuwa.

Kafin rana ta take, duk unguwa ta hallara. Sarkin Noma Barau, wanda shi ne babba a wurin, ya sa aka kamo jan zakara aka zura. Kowa ya yi tsit, har ana jin ƙudaje. Aka jira, aka jira. Da aka jawo kwandon, zakara ya fito baki buɗe yana haki, bai yi ko ƙwaƙ ba. Sarkin Noma ya share fuska da hannu ya ce a kawo ƙasa. Maza suka watse zuwa bayan gida da kwanduna da fartanya.

A nan Briskila ta ratsa mutane ta tsaya tsakanin Sarkin Noma da bakin rijiya. Kafin ta buɗe baki, Gwamma matar Korau ta cafke mata zane, ta kai baki kunnenta. "Briskila, ni na goye ki. Ki ce kin ji nishinsa, ko ki ce Allahnku ya nuna miki a mafarki. Suna shakkar bakinku, za su yarda. Kalma guda ce, 'yata, ki faɗa."

Gaskiya Gwamma ta faɗa, da sun yarda. Briskila ta san haka, kuma kalmar ta zo mata har kan harshe. Sarkin Noma kansa ya buɗe mata ƙofa. Ya ce, "'Yar nan, zakara ya yi shiru. Ke me kika ji? In Allahnku ya gaya miki wani abu ki faɗa, ko ki nuna mana alama mu gani da idonmu, mu ajiye kwanduna."

Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa manya, ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ji komai ba. Allah bai gaya mini Baffa yana da rai ba, ba ni kuma da alamar da zan nuna muku. Mai yiwuwa ma ya mutu. Abin da na sani shi ne, da rai ko ba rai, a hannun Allah yake, ba a hannun rijiya ba. Ku bar mu mu duba."

Gwamma ta saki zanen ta zube ƙasa, a ganinta yarinyar da ta goya ta kashe mata miji. Mutane suka ɗauki gunaguni. Sarkin Noma ya daɗe yana duban Briskila, don ya saba da masu rantsuwa da masu mafarki, bai taɓa ganin mai roƙo ya zo hannu wofi ya kuma faɗa da bakinsa ba. Daga bisani ya nuna inuwar tsamiya, wadda a lokacin take tattare a gindinta. Ya ce ya ba su har inuwar nan ta taɓa bakin rijiya. In ta taɓa za a zuba ƙasa, ko wa ke ciki. In kuma gawa suka fito da ita, sun tsokano wa unguwa fushin Uwar Rijiya a banza, sai su bar gida da gonar ubansu su tashi. Ya ƙara da cewa ba wanda zai taɓa musu igiya. Briskila ba ta ko waiwayi ƙannenta ba, ta ce ta yarda. Ta san kuwa abincin gidaje uku ta aza a kan abin da ba ta sani ba.

Saura mai sauka. Filibus ne mai ƙarfi, shi kaɗai zai iya riƙe nauyin mutum a igiya, saboda haka ba shi zai shiga ba. Briskila za ta ja gugan da za a riƙa fitar da ƙasa. Kowa ya juya ya dubi Kefas, mutumin da ko rumbu ba ya shiga. Matarsa Tabita tana tsaye da tsohon ciki. Kefas ya leƙa ramin, ya koma gefe ya yi amai. Sannan ya dawo ya ɗaga hannuwa a ɗaura masa igiya a ƙugu. Abu guda ya gaya wa ƙanensa: kome ya faru kada ya ja, sai ya ji an girgiza igiya daga ƙasa.

Aikin da ya tarar ba na tsayuwa ba ne. Rairayin da ya zube sako-sako yake, in ya aza masa nauyinsa zai danne wanda ke ƙarƙashi, sai ya zama yana reto a igiya, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa. Bai ɗauki ƙarfe ba, kada ya sari kan baffansa. Da sakaina yake yaɓa, ya cika guga, Briskila ta ja ta zubar ta mayar. Zafi kamar cikin tanda, numfashi da ƙyar. Duk sanda ya motsa sai rairayi ya zubo masa a wuya daga bango. Bai ji murya ba, bai ga haske ba, tsoron kuma bai sake shi ba ko kaɗan. Abin da yake ta maimaitawa a ransa shi ne, Ubangiji, ban san ko zan fita ba, ga ni dai.

Can ya ci karo da tsohuwar igiyar Korau, ya ga ta kurɗa gefe, ƙarƙashin marmara. Ya bi ta yana yaɓa har wata 'yar kafa ta buɗe. Ya zura hannu cikin duhu, sai ya ji yatsu sun damƙe nasa. Korau ne, a durƙushe cikin kogon da ya rarake da kansa, rairayi ya binne shi har ƙugu, bakinsa cike da ƙasa. Kefas ya ɗaga kai zai ƙwala ihu a ji a sama, tsohon ya matse masa hannu, ya yi masa raɗa da muryar da ta kusa ƙarewa: kada ya ɗaga murya, bangon a tsaye kawai yake, ƙara kaɗan zai sauko. Kun ga, shaidar da duk unguwa take nema ga ta a hannun Kefas, amma ba halin ya aika da ita sama.

Kafar ta yi ƙanƙanta, igiya kuma ta hana shi kwanciya. Kefas ya kwance ta daga ƙugunsa, ya riƙe bakinta a haƙori, ya rarrafa cikin kogon da rub da ciki. Shigarsa ke nan bango ya sake zaftarewa. Guga ya binne, bakin kogon ya kusa toshewa, haske ya ɗauke. A cikin wannan duhu ya laluba ya ɗaure igiyar a ƙarƙashin hammatar Korau, ya shiga tonon ƙafafunsa da yatsu. Ba zai girgiza igiya ba tukuna, don in aka ja tsohon ƙafafunsa a binne, rabuwa zai yi biyu.

Mu bar Kefas a nan, mu hau sama mu ga Filibus. Ya ratso igiya ta kan itacen da aka gitta a bakin rijiya, ya naɗa ta a ƙugunsa, ya dogara ƙafa da saiwar tsamiya. Tun tsakar rana yake ɗauke da nauyin yayansa shi kaɗai, igiyar rama ta ci tafin hannunsa har jini yana bin gwiwar hannu. Sai kwatsam nauyin ya ɓace, igiya ta yi lakwas. Bai gama mamakin wannan ba ya ji gunjin nan na safe ya sake tasowa, ƙura ta turnuƙe. Briskila ta ja guga, ya ƙi zuwa.

Tabita ta faɗi a gabansa tana kuka. "Ja, Filibus, don Allah ka ja. Mijina ne, yayanka ne." Mutanen da suka ƙi taɓa igiya su ma suka ɗauki ihun "ja, ja" daga nesa. Filibus bai san abin da ke ɗaya bakin igiyar ba. In tana ƙugun Kefas kuma ƙasa ta rufe shi, jinkirin nan kisa ne. In a sake take, ya ja ta ta fito, ba za ta sake komawa ta cikin rairayin ba, ya yanke musu hanya ke nan. In kuma an ɗaura wa tsohon, ja zai karya shi. Ba abin gani, ba abin ji. Maganar yayansa kawai gare shi: kada ka ja sai an girgiza.

Akwai kuma wata murya a cikinsa, ba zan ɓoye muku ba. Tana ce masa, don wa kake jinkiri? Don mutumin da ya hana 'yarka ruwa? Ja yayanka, in tsohon ne ya karye, ya karye. Tana kuma ce masa, Allahn da kake jira ai ka jira shi bara a kan tabarmar Ladi, me ka samu? Hawaye suka gauraya da gumi a fuskarsa. Na kusa da shi suka ji mutumin da ya shekara bai buɗe baki a addu'a ba yana cewa a hankali, "Na roƙe ka Ladi, ba ka ba ni ba. Ban san ko za ka ba ni waɗannan ba. Amma ba ni da kowa sai kai." Ya ƙara naɗa igiya a hannu, bai ja ba, bai kuma saki ba.

Inuwar tsamiya kuwa ba ta jira kowa ba. Ta miƙe, ta haye tulin ƙasar da Briskila ta zubar, ta haye ƙafar Filibus, ta zo ta kwanta a bakin rijiya. Sarkin Noma ba mugu ba ne, amma ya ce lokaci ya yi. Maza suka ɗaga kwanduna. Briskila ta saki igiyar guga, ta zauna a bakin rijiya ta zura ƙafafunta ciki. Ta ce ta yi alkawari, ba ta hana kowa zuba ƙasa ba, kuma har yanzu ba ta da abin nuna musu, amma ita ba za ta tashi ba. Mai kwandon farko ya matso, ya dube ta, ya tsaya. Na bayansa ma ya tsaya. Zuba ƙasa a kan wanda ba ka gani da sauƙi, amma wannan tana zaune tana kallonsu, kuma tare suka yi wasan ƙasa da ita. Suka yi cirko-cirko da kaya a kai, wasu suna cewa a ɗauke ta da ƙarfi, wasu suna duban rana.

Ana cikin haka igiya ta motsa a hannun Filibus. Ya ɗauka rawar hannunsa ce. Ta sake girgiza, da ƙarfi. Ya ja, Briskila ta tashi ta kama bayansa, Tabita da cikinta ta kama bayan Briskila. Abin da ya fito ba Kefas ba ne. Korau ne, fari fat da ƙasa, kai a langaɓe, idanu a buɗe. Mutane suka zubar da kwanduna suka ja da baya. Tabita ta dubi tsohon, ta dubi ramin, ta kasa ko kuka. Mijinta yana can ƙasa ba igiya, shi ya zaɓi a fara fitar da baffansa. Aka kwance aka sake zurawa. Wannan jiran, in ji waɗanda suka gani, ya fi duk na baya tsawo. Da Kefas ya fito faratansa duk sun ɓare. Bai gama shan ruwan da aka miƙa masa ba sauran bangon ya rufta gaba ɗaya.

Na san abin da kuke jira in ce: unguwa ta ga iko, kowa ya tuba. Ba haka aka yi ba. Kafin dare mutane sun gama shirya maganarsu, cewa Uwar Rijiya ce ta mayar da bawanta saboda ya daɗe yana yi mata yanka. Aka cike ramin, aka yanka mata akuya ta godiya. Ba a kori 'yan'uwan nan ba, ba a kuma gode musu ba. Korau ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu ta mutu, sai da sanda. Tun ranar kuma ko mayafi ba ya yarda a rufa masa a kai, sai ya shiga kokawa yana neman numfashi.

Damina duka yana kwance. Da Gwamma ta ba shi labarin yadda Briskila ta ƙi cewa ta ji nishinsa, ya yi fushi ƙwarai, ya ce wannan irin gaskiya saura kaɗan ta binne shi. Amma abin ya ƙi barin ransa. Ya kira 'yan'uwan nan uku ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowa tambaya iri guda: me ka gani ran nan da ya tabbatar maka? Briskila ta ce ba ta ga komai ba. Kefas ya ce duhu ya gani. Filibus ya ce shi ko tabbacin ana jin addu'arsa ba shi da shi, ya kuma faɗa masa a fuska cewa ya so ya ja igiyar ko da tsohon zai karye.

Sai Korau ya gaya musu abin da bai gaya wa kowa ba. Lokacin da aka zuro zakara, yana jinsa. Ya ji fiffikensa yana bugun kwando, ya ji an ja shi sama, ya kuma san ma'anar shirun, don shi ne ya saba yanke wannan hukunci. Shekarun baya rijiya ta rufta da wani abokin haƙarsa, Jatau, zakara ya yi shiru, Korau ne ya zuba kwandon farko. "Alama ta ce na mutu," in ji shi, "ni kuwa ina kwance ina jin ta. To Jatau fa?" Ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti. Ya ce duk rayuwarsa bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai ya ga alama, ga shi 'ya'yan da ya hana ruwa sun shiga rami dominsa ba su ga komai ba. Fitowarsa ba ita ta juya shi ba, in ji shi, ana fito da mutane daga rijiya a ko'ina. Wanda suka dogara gare shi tun ba su san ƙarshen ba, shi yake so ya sani.

Da kaka aka sa ranar baftismarsa a rafi. Kun san yadda muke yi, sai ruwa ya rufe mutum duka, har kai. Korau ya dogara sanda har bakin ruwa, ya dubi zurfin, fuskarsa ta koma irin ta ranar rijiya. Fasto ya ce zai riƙe masa hannun dama da ƙeya. Gefen hagu, gefen matacciyar ƙafa, sai wani ya shiga ruwa ya riƙe shi. Wurin mutum guda ne. Korau ya ce, "Zan yarda a sake rufe ni. Amma hannun nan nawa a sa shi a hannun wanda ya fi dogara ga Allah ran nan. In na ji shi, ba zan yi kokawa ba."

Briskila ta nuna Kefas, Kefas ya nuna Filibus, Filibus ya sunkuyar da kai ya nuna yayarsu. Masu bi da ke bakin rafi suka rabu. Wasu suka ce Briskila, don da ba ta tsaya ba da an cike ramin tun rana tsaka, ƙarya tana hannunta mai sauƙi mai ceton rai ta ƙi ɗauka, ta sa sunan Allah a gaban jama'a ba tare da ta yi masa ƙari ba. Aka ce musu ai ita a sama take, kuma gonar ƙannenta ta jingina ba ta tambaye su ba. Wasu suka ce Kefas, shi ya shiga abin da ya fi tsoro a duniya, ya kwance igiyarsa da hannunsa ya ɗaura wa wani. Aka ce musu shi ai ya taɓa hannu mai ɗumi, daga nan ya san don me yake wahala, kuma da ya mutu da ya bar mace da ciki. Wasu suka ce Filibus, wanda aka taɓa hana shi abin da ya roƙa, bai ji komai ba bai ga komai ba har ƙarshe, ya jira saboda mutumin da ya jawo mutuwar 'yarsa. Aka ce musu shi da bakinsa ya faɗa yana shakka, zuciyarsa kuma ta so mugunta.

Tsoho yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, hannunsa na hagu a miƙe. Fasto yana cikin rafi yana jira. To, ku masu neman hujjar kai wa makaranta, ku gaya mini: a cikin Briskila da Kefas da Filibus, wa ya cancanci ya riƙe hannun Korau?